A tura mana karatu a MP3 da PDF

Ana gobe azumi na biya kuɗi a kasuwar Malanville, aka zuba mini tafsiri a memori saboda Inna. Na dawo Garou, na sa a 'yar rediyonta, shiru kake ji. Ashe saƙonnin murya na WhatsApp mai shagon ya kwaso, su kuwa a tsarin Opus suke, rediyon Inna MP3 kaɗai ta sani. Sai da na sake hawa kabu-kabu na koma gari aka juya su.

Littafi ma haka. Wani ɗalibi a Gaya, tsallaken kogi, ya turo mini nasa a EPUB, wayata ta ƙi buɗewa. Da ya sake turowa a PDF, nan take ya buɗe, har ƙ da ɗ suka fito daidai.

Na san Opus bai cin data sosai. To amma karatun da tsohuwa ba ta ji ba, wa ya amfana? Malamai da masu ɗaukar wa'azi, don Allah ku auna da na'urar talaka: sauti a MP3, littafi a PDF. Ku kuma masu turi, ku kunna wa mutum ya ji kafin ku karɓi kuɗinsa.