Yanar Ido Ba Ƙarshen Gani Ba Ce

Sharhinmu na yau a kan iyayenmu ne da kakanninmu waɗanda yanar ido ta zaunar da su a ɗaki.

Da wuya a sami unguwar da babu irinsu. Ga dattijon da ba ya iya zuwa masallaci sai da ɗan jagora, ga gyatumar da ta daina tsintar shinkafa, ta daina gane jikokinta sai ta murya. In ka tambayi 'ya'yansu, sai su ce: "Ai tsufa ne, sai haƙuri." Haƙuri halin kirki ne, amma wannan lalura tana da magani, kuma neman magani ba ya saɓa wa tawakkali.

A cikin ido, can bayan baƙin, akwai wata 'yar ƙwaya garai-garai wadda haske ke ratsawa kafin mutum ya gani. Idan shekaru suka ja, sai ta soma dusashewa, mutum ya riƙa ganin duniya kamar ranar da hazo ya sauka; wannan ce yanar ido. Ciwon suga da shan taba da buguwa a ido kan gaggauta abin. Babu maganin ɗigawa ko tozali ko jiƙo da ke wanke ta. Aiki kaɗai ke raba mutum da ita.

Binciken makanta da aka gudanar a faɗin Najeriya daga 2005 zuwa 2007 ya gano cewa fiye da mutum miliyan ɗaya masu shekara 40 zuwa sama ba sa gani, kuma kashi 43 cikin 100 na wannan makanta yanar ido ce sanadinta. Mutane ne da za su iya komawa gona da kasuwa da karatun Alƙur'ani, amma suna zaune.

Binciken ya kuma tono wani abin takaici. Kusan rabin idanun da aka taɓa saboda yana, ba likita ne ya taɓa su ba. Masu yawo gari-gari ne, waɗanda ke soka wani tsinke a ido su tura yanar can ciki. Mutum kan ga haske a ranar, a yi ta murna, mai aikin ya karɓi kuɗinsa ya ƙara gaba. Bayan kwanaki ciwo da kumburi su biyo baya, kuma yawancin waɗannan idanu a makance aka same su.

Aikin asibiti daban yake. Ana kashe zafin idon ne kawai, mutum yana farke. Likita ya yi ɗan ƙaramin yanka, ya fitar da ƙwayar da ta dusashe, ya sanya ta roba a gurbinta, galibi cikin abin da bai wuce rabin awa ba. Washegari a cire bandeji. Wannan dabara ta dasa ƙwayar roba wani likita ne Bature, Harold Ridley, ya fara ta a birnin Landan a 1949, yau kuwa ana yin ta a Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna, da asibitin ido na ECWA da na Makka a Kano, da asibitocin koyarwa na jihohinmu. Duk wanda ya taɓa tsayawa a ɗakin da ake cire bandeji ya san irin hamdalar da ke tashi a wurin.

Sai dai samun gani na buƙatar kula. A riƙa ɗiga magani yadda likita ya tsara, kada a murza idon, a nisanci hayaƙin murhu da ƙura da kwalli, a tambayi likita yadda za a yi da alwala da sujada a kwanakin farko, a kuma koma ranar da aka ce a koma. Haka nan a sani ba kowane dusashewar gani ne yana ba. Hawan jinin ido kan cinye gani a ɓoye, kuma abin da ya cinye ba ya dawowa, shi ya sa jinkirin zuwa gwaji ke da haɗari.

Nauyin yana wuyanmu, mu 'ya'ya. Tsoho ba zai kai kansa asibiti ba, tsohuwa kuma ta fi shi yin shiru don kada ta ɗora wa kowa ɗawainiya. Mawadatanmu su sa aikin ido cikin hanyoyin sadakarsu, gwamnatoci su kai likitocin ido ƙananan hukumomi, malamai su faɗakar a kan mumbari. Kai kuma da ke saurarenmu, idan akwai mai lalube a gidanku, kada makon nan ya ƙare ba ka kai shi an duba idonsa ba.

Sharhin ke nan.