Da wace tiya ake auna hanya?



Da damanar da ta wuce, cikin watan Agusta, mahaifina ya aike ni ƙauyenmu na asali in yi wa dangi ta'aziyya a madadinsa, domin ƙafa ta fara yi masa nauyi. Daga birni zuwa inda ake sauka daga kwalta, kilomita ɗari da ɗoriya, mota ta cinye su cikin awa biyu. Sauran kilomita goma sha huɗu kuwa sai da suka ci mini wuni guda. Ƙorama ta kawo, direba ya rantse ko nawa za a ba shi ba zai sa motarsa ba, muka zauna gindin gawo, wanda da damana ko inuwa ba shi da ita. A tsallaken can ga amalanken shanu, da mace kwance an lulluɓe ta, naƙuda ta tsaya mata tun daren jiya. Muna kallonsu, suna kallonmu. Sai bayan la'asar samari suka ɗauko ta bisa gadon kara suka ƙetaro da ita, ruwa har ƙirji. Uwar ta rayu, ɗan bai zo da rai ba. Allah ya ba iyayensa haƙuri.

Tun daga ranar, duk lokacin da na ji rediyo na lissafa kilomitocin kwalta da aka shimfiɗa a wata ƙasa tamu, sai in tambayi kaina: wannan awo wa yake yi wa amfani? Tsawon kwalta shi ne awon da ya fi daɗin faɗa a wurin biki, amma ba ya gaya maka ko hanyar tana biyuwa. Hanyar Tawa zuwa Arlit, wadda aka gina a ƙarshen shekarun 1970 saboda jigilar yuraniyom, ta kai wani lokaci da direbobi suka riƙa sauka daga kanta suna bi ta gefe cikin rairayi, alhali a taswira tana nan a matsayin kwalta, ana ƙirga ta cikin dukiyar ƙasa.

Masana sun daɗe da gane wannan. A 1982 aka yi wani babban gwaji a Birazil, daga gare shi Bankin Duniya ya fito da ma'aunin gargadar hanya a 1986. Ana tara yawan hawa da saukar da ƙafar mota take yi cikin kilomita guda. Sabuwar kwalta takan ba da mita 2 ko kusa da haka. Idan ta kai 8 ko 10, direba da kansa zai rage gudu. Awo ne mai kyau, sai dai jikin hanya yake dubawa, bai san mutum ba.

Wanda ya fi kwanta mini shi ne na 2006, shi ma daga Bankin Duniya. Tambaya ɗaya yake yi: cikin mutanen karkara, nawa ne ke zaune ƙasa da kilomita 2 daga hanyar da ake bi rani da damana? An zaɓi kilomita 2 ne domin tafiyar ƙasa ce ta minti 20 zuwa 25. Ba a ce lalle sai kwalta ba, hanyar burji mai kwalbati ta wadatar, muddin ruwa ba ya yanke ta. Ƙa'idar da ake bi yanzu ta ce hanyar da take rufuwa kwana 7 ko fiye a shekara ba ta shiga lissafi. A ƙiyasin farko an ga kusan mutum miliyar ɗaya a duniya ba su da irin wannan hanya, a Afirka ta kudu da Sahara kuwa kusan kashi ɗaya cikin uku na mutanen karkara ne kaɗai suke da ita. Daga baya Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa wannan awo cikin ma'aunan muradun ci gaba da aka amince da su a 2015. A wannan tiya, ƙauyenmu yana cikin waɗanda ba su da hanya, ko da yake da dare ana hango fitilun motoci daga bayan gari.

Akwai kuma abin da ba a yi masa biki, wato gyara. A 1988 Bankin Duniya ya lissafa cewa ƙasashe 85 masu tasowa sun yi asarar hanyoyi na miliyar 45 na dalar Amurka cikin shekara ashirin, alhali da an kashe ƙasa da miliyar 12 wajen gyara a kan kari da ba a yi asarar ba. Duk mai gidan ƙasa ya san wannan karatu: wanda ya ƙi yaɓe kafin ruwa ya sauka, ginin bango zai yi da kaka.

A nan dole in juyo kanmu, domin cikin masu karanta wannan shafi akwai masu manyan motoci da ƴan kasuwar da ke yi musu lodi. Gwajin da aka yi a jihar Ilinoyi ta Amurka tsakanin 1958 da 1960 ya nuna cewa idan aka ninka nauyin da ke kan gindin mota sau biyu, ɓarnar da take yi wa kwalta tana ninkuwa kusan sau 16. Shi ya sa dokar UEMOA mai lamba 14 ta 2005 ta ƙayyade tan 11 da rabi bisa gindi guda. Alhajin da ya ƙara buhunan siminti ko albasa fiye da ƙima, ya kuma san yadda zai wuce sikeli, ribarsa ta tafiya ɗaya ce, ramin da ya haƙa kuwa jama'a za su sha shi shekaru. Ni dai ban ga abin da ya raba wannan da tauye awo a kasuwa ba.

Shingayen kan hanya ma an auna su. Wani tsarin sa ido da UEMOA da CEDEAO suka kafa a 2005 ya riƙa ƙirga yawan tsayawa, da lokacin da aka ɓata, da kuɗin da aka miƙa ba rasit, a kowane kilomita 100. Mai albasar Galmi da kayansa suka kwana biyu cikin rana bai buƙatar a yi masa bayanin wannan.

Kafin in baro ƙauye na sayi littafin rubutu na ƴan makaranta na ba ɗan baffana, wanda ke koyar da yara. Mun yi da shi, daga ruwan farko na bana zai rubuta kowace ranar da ƙorama ta hana mota wucewa, da wanda ta hana, da abin da ya fito da shi. Idan kaka ta yi, shi da mai gari za su kai wa ƴan majalisar gunduma kafin su zauna kan kasafin shekara. Abin da za su roƙa bai wuce kwalbati guda da burjin kilomita goma sha huɗu ba.