Mai Sayen Kifi Ma Yana da Alhaki

Ya ku 'yan'uwa mutanen Yawuri da Ngaski da Shanga, ga wata magana a kan kifin da muke ci.

Sau da yawa maigida yakan sayo banda a kasuwa, a yi miya, kafin asuba gida duka na fama da amai da murɗar ciki. Sai a ce sammu ne. Alhali kuwa wani jikon sababin yana cikin kwandon mai kifi. Akwai masu yayyafa wa banda maganin ƙwari don kada ta lalace. Akwai kuma masu zuba Gamalin a ruwa, kifi ya taso matacce, babba da ƙarami, su kwashe su kai kasuwa. Gubar nan kuwa ƙasashen duniya sun yi ittifaƙi a 2009 a daina aiki da ita ko a gona, balle a abinci.

Ɓarna ta biyu ita ce kama ƙanana. Tun da aka gama madatsar Kainji a 1968, tafkin nan ya zama gonar Sarkawa da Gungawa. Amma tarun dala, wanda ake ja don warangi, ba ya ƙyale 'ya'yan giwan ruwa da na karfasa. Hukuma ta hana shi tun shekarun 1990, sai dai ma'aikaci ba ya iya tsare kowace gaɓa. Manomin da ya cinye irinsa, me zai shuka baɗi?

To, jama'a, mun saba ɗora laifi ga masunta kaɗai. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Masunci ba ya wahala a kan abin da ba a saye. Wani zai ce talaka araha yake bi. Gaskiya ne, amma kuɗin magani ya fi rangwamen da aka yi masa.

Saboda haka in za ka sayi ɗanye, duba idonsa garau ne, ɗaga kunnensa ka ga cikin ja ne, danna tsokarsa ka ji tauri. In banda ce, shinshina ta. Wadda ke warin magani, ko wadda ƙuda ke gudu, bar ta. Tulin 'ya'yan manyan kifi kuwa, ko taya shi kada ka yi. Ranar da kwandon mai algus ya kwana bai sami mai saye ba, ranar zai tuba.

Allah ya sa mu gane. Haza wassalam.