Tatso Kashi 90 Ba Gwaninta Ba Ce

Tun da Amurka ta halatta dafa giya a gida a 1978, masu wannan sha'awa suka kamu da cutar adadi: kowa burinsa ya tatso kashi 90 cikin 100 na sukarin tsiron sha'ir. Ruɗi ne. Mai kwarara ruwan zafi a kan dusa ba ƙaƙƙautawa, baurin ƙaiƙayi yake jawo wa tukunyarsa. Mai samun kashi 70 kullum ya fi shi nesa, domin ya san ƙarfin giyarsa tun kafin ya kunna wuta. Barza iri ɗaya, zafi wajen digiri 66, ruwa a aune: nan gwaninta take. Mai samun 85 yau, 62 gobe, caca yake yi da hatsinsa.