Ruwa Ya Iso Kura, Ina Malamin Lissafi?

'Yan'uwa ɗalibai, duk wanda ya bi hanyar Zariya daga Kano da rani ya ga abin da muke nufi. Da ya kusa Kura sai ƙasa ta canza launi: shinkafa, alkama, albasa, da kwandunan tumatir jere a bakin titi har Kadawa. Wannan albarka daga madatsar ruwa ta Tiga take, wadda aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Baƙo. Babu injin da ke tura ruwan. Gangaren ƙasa kaɗai ke kai shi gonakin Bunkure da Kura da Garun Malam. Wasu ne suka zauna suka auna gangaren, suka lissafa faɗin kowace magudana. To, tambayarmu ita ce: bayan shekara hamsin, 'ya'yan su wa ake koya wa wannan lissafi?

Idan aka yi wannan tambaya, amsar da manya ke bayarwa ɗaya ce: ai ana tura 'yan bautar ƙasa. Mun ji. Janar Yakubu Gowon ya kafa shirin a 1973, kuma ba don koyar da kimiyya ya kafa shi ba, don ɗinke ɓarakar yaƙin basasa ne. Kafin nan an yi 'yan sa-kai na Amurka, waɗanda Shugaba Kennedy ya fara aikowa a 1961. A 2016 kuma aka zo da N-Power, aka ɗauki matasa masu digiri aka ce su shiga aji a kan Naira 30,000 a wata. Sunaye daban-daban, amma dabarar guda ce: a nemo baƙo, a tsayar da shi gaban allo na ɗan lokaci, a rubuta a takarda cewa makaranta ta sami malami.

Ba mu raina waɗanda suka je. Da yawansu sun yi abin a yaba, wasu ma da aljihunsu suka sayi alli. Tsarin muke tuhuma. Yaro yana shekara uku a babbar sakandare kafin ya zauna jarrabawar WAEC, shi kuwa ɗan bautar ƙasa shekara ɗaya gare shi, a cire makonni uku na sansani, a cire hutu. Kafin ya gane wane yaro ne bai iya raba lamba ba, lokacin sallama ya yi. Wanda zai gaje shi, in an turo, mai yiwuwa tarihi ya karanta. Lissafi kuwa gini ne. Wanda ya rasa tubalin ƙasa ba ya ɗora na sama. Kada kuma mu ɓoye namu laifin: mu ne dai muke bin kawu da ƙanen baba a ma'aikata domin a sauya mana wurin aiki zuwa cikin birni. Wanda ya tsere wa ƙauye ba shi da bakin zagin gwamnati a kan ƙauye.

Abin takaici, Kano ta riga ta san maganin. A 1977 aka kafa hukumar makarantun sakandaren kimiyya, aka buɗe na Dawakin Kudu da Dawakin Tofa, da malamai zaunannu da ɗakunan gwaji, aka zaɓi yara ta hanyar jarrabawa. Likitoci da injiniyoyin da suka fito daga nan shaida ne. Ba da aron malami aka yi su ba.

To, mu naɗe hannu ke nan har sai an ɗauki malamai? A'a. Muna kira ga ƙungiyarmu ta shirya nata aikin sa-kai, amma ba irin na ɗaukar hoto ba. A zaɓi makaranta biyu ko uku a Kura da Bunkure, a riƙe su shekara uku cur, ayari na miƙa wa ayari littafin da ke nuna inda kowane yaro ya tsaya. Mu je a matsayin mataimakan malamin da ke wurin, ba magadansa ba. Kuma duk ƙarshen zango mu buga a wannan mujalla yawan malaman lissafi da na kimiyya da muka tarar a kowace makaranta, domin kada guminmu ya zama mayafin rufe giɓi. Gwamnatin jiha ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a 2024. A kan wannan ma'auni za mu auna ta.

Masu cewa babu ɗakin gwaji, su leƙa bayan aji. A jefa kara a magudana, a duba daƙiƙa nawa zai yi kafin ya ci mita goma, a auna faɗi da zurfin ruwan: yaro ya fara sanin yawan ruwan da ke wucewa ta gonar ubansa. Hekta ɗaya murabba'in mita 10,000 ce, saboda haka ruwa mai zurfin milimita ɗaya a kanta lita 10,000 ne. Buhun yuriya mai kilo 50 yana ɗauke da kilo 23 na sinadarin naitirojin, alhali buhun kamfa mai lamba 15-15-15 kilo bakwai da rabi kawai gare shi. Yaron da ya gane wannan, dillalin taki ba zai sake yi wa gidansu wayo ba. Tsargiyar da ke sa yara fitsarin jini, a jikin katantanwar wannan magudana take renon kanta. Tsutsar da ta cinye tumatirin Kadawa a 2016, har masana'antar Ɗangote ta tsaya cik, darasi ce guda ta ilimin halittu.

Daga Jami'ar Bayero zuwa Kura tafiyar sa'a guda ce ko ƙasa da haka. Muna so majalisar ɗalibai ta sanya wannan magana a zamanta na gaba, ta ware kuɗin mota daga abin da ake kashewa a bikin makon ɗalibai, a kuma kafa takardar rubuta suna a ƙofar sashen lissafi kafin a tafi dogon hutu.