Kakan da Aka Kai Kaso Ba Abin Ɓoyewa Ba Ne

A gidajen Adar da dama, daga Madawa zuwa Buza da Keita, in ana lissafin kakanni akan zo kan wani suna sai murya ta yi ƙasa. "Nasara suka tafi da shi," in ji tsohuwar gida, sai ta kama wata hira. Ina aka kai shi, me ya yi, ya bar zuriya a can? Ba mai tambaya, don kalmar ɗan kaso tana da nauyi a bakin Bahaushe.

Mutanen Ostareliya sun daɗe da irin wannan kunyar. Daga 1788 zuwa 1868 Ingila ta kwashe fursunoni sama da 160,000 ta jibge su can, dubbai a cikinsu 'yan Ailan ne, wasu a kan ƙaramar sata, wasu a kan tawaye. Jikokinsu sun yi ta ɓoye asalin. Yau kuwa su ne ke bin sawun kakan har ƙauyen da aka kamo shi. Gobarar da ta cinye ma'ajiyar takardun Dublin a 1922 ta lashe da yawa daga bayanan, amma a 1988 gwamnatin Ailan ta tattara abin da ya tsira ta ba Ostareliya kyauta.

Laifin da ya kai Ba'adare kaso a zamanin Faransa sau da yawa bai kai ko satar ba. Dokar da ake kira andijena ta ba kumandan ikon kulle mutum kwana 15 ba tare da alƙali ba. Rashin biyan lanho ya isa. Guje wa aikin dole ya isa, kuma ba a soke aikin ba sai a 1946. Manya ma ba su tsira ba: a 1906 aka tuɓe Sarkin Damagaram Amadu ɗan Basa aka tura shi Kodebuwa, Sarkin Agadas Tegama kuwa a kurkukun Zinder ya rasu a 1920, bayan yaƙin Kawusan. Sunayen sarakuna sun shiga littattafai. Talakan da aka ɗaure da igiya aka kora gaban doki, shi nasa sunan sai a bakin 'yarsa, 'yar nan kuma yanzu ta tsufa tukuf, in tana raye.

Bayan 'yancin kai ma an sake yi. 'Yan jam'iyyar Sawaba da aka kama bayan 1964 wasunsu ba su ga gida ba sai da sojoji suka karɓi mulki a 1974.

Hanyar bincike tana nan. Rahotannin kumandojin sarkal suna ma'ajiyar takardun ƙasa a Yamai, na gwamnan Afirka ta Yamma suna Dakar, wasu suna Aix-en-Provence a Faransa. Sai dai takarda ita kaɗai ba ta wadatarwa, don marubucin bariki yakan karkatar da suna yadda kunnensa ya ji, kuma abin da ya kira laifi shi ne abin da ya ɓata wa kumandan rai. Dole a haɗa da bakin tsofaffi da maroƙa. Masanin tarihi Djibo Hamani ya nuna ana iya yi: littafinsa na 1975 a kan Adar kafin zuwan Turawa ya dogara ƙwarai da abin da dattawa suka riƙe a ka.

Adarawa kuma sun fi kowa damar wannan aiki. Samarinsu sun cika Abijan da Legas da Kamaru wajen bida, wato wurare irin waɗanda aka taɓa kora kakanni. Wanda ya tafi da sunan kaka da na garinsu zai iya tambaya a zango.

Ya kamata Jami'ar Djibo Hamani ta Tawa ta tura ɗalibanta ƙauyuka su naɗi muryoyi, hukuma kuma ta nemi kwafin takardun Dakar da Faransa ta ajiye inda ɗan Buza zai iya gani. Mai karatu da ke da tsoho a gida, ya kunna wayarsa ya tambaye shi tun a wannan rani.