Waiwaye: Malamin da Ya Bar wa Manoma Fage

Duk wanda ya tashi a ƙasar Ruma ko ta Safana kafin wayar hannu ta shigo, ya san ba a talabijin muka fara ganin wasan kwaikwayo ba. Goma ga azumi, da an sha ruwa, sai yara su cika lunguna da tashe. Wannan ya manna gemun auduga, ya cusa tsumma a riga ya yi tumbi, yana dogara karan dawa. Wancan ya rataya layu da ƙullin saiwoyi ya fito a Jatau mai magani. 'Yan mata na can suna Mairama da Daudu, suna koya wa juna zaman aure tun ba su shiga ba. A yi dariya, a ba su gero ko kwabo, amma marowacin unguwa da maigidan da ba ya cefane sun san da wa ake. Ai da wasa ake gaya wa wawa gaskiya.

Abin da yawancinmu muka manta shi ne, an taɓa yin wani malamin jami'a da ya yarda cewa mutanen ƙauye ba sa bukatar a koya masu wannan fasaha, fili kawai za a ba su. Sunansa Michael Etherton. Ya fara koyarwa a Jami'ar Zambiya, yana cikin waɗanda suka kafa dandalin Chikwakwa mai kai wasa karkara, sannan ya zo Zariya, inda aka soma karatun wasan kwaikwayo a Jami'ar Ahmadu Bello a 1975 a ƙarƙashin jagorancinsa.

Ku dubi inda ya zaɓa ya koyar. Ba a gina masa babban zaure mai labule da kujerun soso ba. Wani masanin zanen gine-gine ɗan Amurka, Steven Ehrlich, ya zana masu gidan wasa na jar ƙasa a Samaru, da ɗakuna kewayayyu masu rufin ciyawa da fili a tsakiya, tamkar ka shiga tsakar gidan kakanka. Ɗalibi ba ya hawa wani tudu ya yi wa mutane magana daga sama. Yana tsakiyarsu, suna jin numfashinsa, yana ganin wanda ya ɓata rai. Yau kuwa muna rushe ginin ƙasa muna jin kunyarsa, alhali an taɓa horar da manyan malamai a cikinsa.

Daga nan malamin da ɗalibansa suka fita ƙauyuka. A 1977 aka yi Wasan Manoma a Soba, lokacin da gwamnatin Obasanjo ke ta shelar shirinta na ciyar da ƙasa. A 1979 aka yi Wasan Maska, nan ƙasar Funtuwa, zamanin muna cikin Jihar Kaduna, don sai 1987 aka yanke mana Katsina. Bayansu aka yi na Samaru da na Bomo. Tare da Etherton akwai Brian Crow, da matasa irin su Salihu Bappa da Oga Steve Abah.

Abin da ya fi burge ni a aikin nan shi ne yadda suka sauya hannu. Da farko ɗalibai kan je ƙauye su tattaro koke-koke, su koma Samaru su shirya wasa, su dawo su nuna. Mutane su tafa, a watse, matsala na nan inda take. Sai suka gane cewa hakan ma wa'azi ne daga sama, riga kawai ya sake. Suka koma zama da manoma ana ƙirƙirar wasan tare, babu rubutu. In an kai inda magana ta cije, ko kan taki ko kan gona, sai a tsaya a tambayi jama'a: to, yanzu yaya za a yi? Mai shawara ya taso ya shiga fage ya gwada ta, sauran su ga ko za ta ɓulle. Mai ɗaki shi ya san inda ruwa ke masa yoyo, kuma ba kowane mai digiri ke da haƙurin ya zauna a tabarma ya saurare shi ba.

Etherton ya fitar da littafinsa kan bunƙasar wasan kwaikwayo a Afirka a 1982. A 1989 kuma ya wallafa wani kan marubutan wasan ƙasar Ailan na zamani, irin su Brian Friel. Wani zai ce ina Zariya ina Ailan? A ganina zaren ɗaya ne. A lokacin Arewacin Ailan na cikin tashin hankalin da ya ci rayuka sama da 3,500 kafin sulhun 1998. Cikin wannan hali Friel da ɗan wasa Stephen Rea suka kafa ƙungiyar Field Day a garin Derry a 1980, suna yawo da wasa gari-gari. Ba su jira kura ta lafa ba tukuna, don sun ga cewa mutanen da ke cikin wuta su suka fi bukatar wurin da za su kalli kansu su yi magana.

Mu ma wutar ta iske mu. Shekarun nan 'yan bindigar dajin Rugu sun raba ƙauyukan Batsari da Safana da gonakinsu, sun kore shanu, sun mayar da magidanta 'yan gudun hijira a garuruwan da dā sai ranar kasuwa suke zuwa. Dandali ya mutu a wurare da yawa, don wa zai bar ɗansa waje bayan isha'i? Labarinmu kuwa a bakin wasu yake: ɗan jarida ya faɗi adadin gawa, ɗan siyasa ya yi jaje, a zauna sulhu. Matar da ta kwana a jeji da goyo, da yaron Fulanin da ake kallo da zargi a kasuwa bai taɓa riƙe bindiga ba, ba a cika tambayarsu yadda suke ganin mafita ba.

Ban ce wasa zai kori ɗan bindiga ba. Tsaro aikin hukuma ne. Amma Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma na nan maƙwabtaka da Safana, ga ta Umaru Musa 'Yar'aduwa a Katsina. Irin aikin da aka yi a Maska, in za su ɗauka, ba zai ci wani kuɗi mai yawa ba: malami, ɗalibai kaɗan, izinin hakimi da dagaci, da 'yan kwanaki na zama da jama'a. Manoman da za su shiga fagen kuwa suna nan cikin garin Batsari, da yawansu tsofaffin 'yan tashe ne, kuma ba su rasa abin faɗa ba.